Mai-igiya da Layin Gadi

A gonar gwaji ba wanda ya damu da sanin sunansa na gaskiya. Mai-igiya ake ce masa, har matarsa ma in ya ɓata mata rai haka take kiransa. Gajere ne kakkaura, mai tafiya da sauri kamar wanda ya bar tukunya a wuta, kuma igiyar da ta ba shi sunan tana rataye a kafaɗarsa tun gashin kansa yana baƙi. Igiyar awo ce, an ƙuƙƙulla ta daidai tazarar da ake so tsakanin layi da layi. Ta tsinke an ɗaura, ta sake tsinkewa an sake ɗaurawa, amma ko da wasa wani ya ce a sayo sabuwa sai ya ga ɓacin rai.

Da leburanci ya fara, korar tsuntsaye da cirar ciyawa. Wata rana tsohon da yake aikin awo ya rasa mai riƙe masa ɗaya bakin igiyar, ya waiga ya ga wani gajeren saurayi a tsaye, ya ce ya zo ya riƙe. Riƙon da ya yi ke nan har tsufa.

Aikin gonar shi ne gwada irin sanfulawa, shukar nan mai babban kai rawaya da ake matse mai daga ƙwayarta. Iri-iri ake kawowa, kowanne da lambarsa, a shuka shi a ɗan ƙaramin fegi. Ba sau ɗaya ake shuka shi ba. Gonar an raba ta rukuni-rukuni, kuma kowane iri yana da fegi a kowane rukuni, don kada wani ya samu ƙasa mai kyau shi kaɗai a ce ƙoƙarinsa ne. Wurin da kowa zai zauna kuma ƙuri'a ce take yankewa. A rubuta lambobi a guntayen takarda, a zuba a hular Mai-igiya, a girgiza, a ɗebo. Hular ta yi wannan aiki har ta fi wasu ma'aikatan daɗewa.

Abin da shekaru suka koya masa, wanda yake faɗa wa duk wanda ya tsaya kusa da shi ko bai tambaya ba, shi ne shuka tana faɗa. Ba ta da baki, ba ta da hannu, amma a ƙarƙashin ƙasa saiwa tana ƙwace wa saiwa ruwa, a sama ganye yana tare wa ganye rana. Wadda ta samu bakin hanya sai ta yi ƙiba. Wadda maƙwabciyarta ta mutu sai ta ci gado, ta yi kai kamar faifai. Shi ya sa lokacin rage tsiro ba ya sassauci: ɗaya a kowane rami, tazara ɗaya, ba babba ba yaro. In ya ga lebura ya bar biyu don tausayi, zai tsuguna ya tsige ɗayar a gabansa, ya miƙa masa ya ce ya kai gida ya goya.

Gidansa ɗaki biyu ne da ɗan tsakar gida da matarsa ta cika da kaji. Duk ƙwayar da aka gama aunawa, ko wadda ba ta shiga awo ba, raba wa ma'aikata ake yi, saboda haka kajin nan sun fi na kowa sheƙi a layinsu, sun kuma fi na kowa rashin kunya. Da yamma yakan zauna a kan benci ya jiƙa ƙafafunsa a roba, matarsa tana ba shi labarin unguwa, shi yana ba ta labarin gona, ba mai sauraron wani. Haka suka yi zamansu, kuma zama ne mai daɗi. 'Ya'ya sun girma sun watse, kowa yana cin gashin kansa, ba wanda yake hana shi barci sai Auta.

Auta gajera ce kamarsa, da tafiyarsa da taurin kansa. Ta auri wani manomi mai sanyin hali, suna zaune a kan tudu, fili fetal ba bishiyar kirki, inda iska take zuwa ba sallama. Duk ranar hutu Mai-igiya zai hau kekensa ya nufi can. Yau ya kai ƙota, gobe ya gyara ƙofa, jibi ya ɗaga dangar da ta kwanta. Surukin nasa zai durƙusa ya gaishe shi, ya yi godiya, sannan ya koma gefe. Matarsa ta sha gaya masa ya rage zaryar nan, gidan yana da mai shi. Sai ya ce taimako ne kawai, ina laifi?

Sanfulawa su Auta suka shuka, doguwar da ake samu a kasuwa, shekara biyu a jere. Duk biyun sai da ta yi kai ta fara nauyi, iska ta zo ta kwantar da ita, tsuntsu da gara suka raba. A ta biyun ya tarar da Auta a tsaye a bakin gona tana dariya, irin dariyar da ta fi kuka ciwo. Ta ce masa sun haƙura, mijinta yana maganar ya bar gonar ya tafi neman aikin dako. Wannan magana ta tsaya masa a rai.

To, a cikin irin da ake gwadawa akwai wata da leburori suka raɗa wa suna Gajera. Iyakarta ƙirjin Mai-igiya, shi kuwa kowa ya san inda ƙirjinsa yake. Karanta kauri gare shi, kuma bai taɓa ganin iska ta kayar da ita ba. Direban tarakta, wanda ba ya ganin abin tsokana ya wuce, ƙanwar Mai-igiya yake ce mata. Shi kuma ba ya musu, don tun ranar da ya ga gonar Auta a kwance ya sa wa ransa cewa wannan ce za ta riƙe masa 'yarsa a gonarta. Matsalar ita ce a kan sikeli Gajera ba ta taɓa yin abin kirki ba. Kullum tana can ƙasa. Bana kuma ita ce shekararta ta ƙarshe a gwaji. Irin da bai kai ba, ɗaure shi ake yi a ajiye a ɗakin sanyi, kuma daga can ba ya zuwa gonar kowa. Bana ce kuma shekarar da shi kansa zai ajiye aiki.

A shekarar aka kawo sabuwar mai kula da gwajin, wata matashiya mai faffaɗar hula da kowa yake kira Malama. Ba ta da yawan magana, amma tana da yawan tafiya. Ta tambaye shi yadda aka saba shimfiɗa fegi, ya ce layi biyu-biyu, a girbe duka a auna. Ta tambayi wa yake zama kusa da Gajera, ya ce duk wanda hula ta ba ta, kuma kusan kowa ya fi ta tsayi. Ta gyaɗa kai ta ce abin da ta yi zargi ke nan, ba lallai irin ne ba shi da kyau ba, wataƙila a inuwa yake rayuwa. Bana kowane fegi layi huɗu za a yi. Biyun tsakiya su za a auna, na gefe da gefe kuwa gadi ne, aikinsu su sha faɗan maƙwabta don na tsakiya su zauna da 'yan uwansu kawai, kamar yadda za su zauna a gonar manomi.

Mai-igiya ya yi ta gunaguni, don aikin igiya ya ninka, ga baya ba kamar da ba. Amma a ransa fari ƙal. Ya ja layukan nan kamar da rula aka auna su.

Ranar ƙuri'a komai ya tafi daidai sai a rukunin bakin hanya. Can hula ta ci amanarsa, ta ajiye Gajera a yammacin Falwaya, irin da ya fi kowa tsayi a gonar, wanda sai mutum ya ɗaga kai hularsa ta faɗi kafin ya ga furensa. Ya ce wa Malama takardar kamar ta manne da wata, ko a sake girgizawa? Ta yi murmushi ta ce in aka sake don Gajera, gobe sai a sake don wani, daga nan ba ƙuri'a ba ce, son rai ne. Direban tarakta ya ce ai shi murna ya kamata a yi, ƙanwar Mai-igiya ta samu rumfa kyauta.

Ruwa ya sauka, shuka ta tashi. Gajera ta yi kyau a ko'ina, amma shi idonsa yana kan fegin bakin hanya. Kullum da safe in ya zo sai ya tarar rana ta fito wa kowa ban da ita. Inuwar Falwaya ta haye layin gadinta, har tana lasar layin tsakiya. Sai hantsi ya ɗaga sannan take samun nata rabon. Ya san an yi gadi don haka, ya san akwai sauran rukunai. Sani daban, zuciya daban. Duk sanda ya tsaya a wurin, Auta yake gani a bakin gonarta tana dariyar nan.

Wata ranar hutu, maimakon ya hau keke zuwa tudu, sai ya biyo ta gona da 'yar wuƙarsa. Dabarar da ya yi ta yi masa kyau ƙwarai a lokacin. Ba zai ƙara wa Gajera taki ba, wannan ha'inci ne. Ba zai ba ta ruwa ba, wannan ma ha'inci ne. Amma layin gadin Falwaya fa? Ba a auna shi, ba a rubuta shi, ƙarshensa cikin kajin matarsa. Wa aka cuta in an rage masa ganye? Ya bi layin daga farko har ƙarshe yana zage manyan ganyayen, ya bar kara tsirara da ɗan tuntu a sama. Ya kwashe ganyen ya zuba a ramin taki. Da ya waiwayo ya ga haske ya sauka a kan Gajera, sai ya ji kamar an sauke masa kaya. Ya koma gida yana 'yar waƙa, har matarsa ta tambaye shi ko tsintuwa ya yi.

Malama ta yi tafiya a lokacin, zagayen wasu gonakin. Da ta dawo kawuna sun fara cika, ana ɗaura musu jakar raga saboda tsuntsaye. Suka shiga zagaye tare, ita a gaba shi a baya, har suka iso bakin hanya. Ta tsaya. Ta dubi karan da ba ganye, ta dubi Gajera, sannan ta shiga cikin fegin Falwaya ta ɗaga hannu ta tallabo wani kai a layin tsakiya, wanda yake dab da gadin da aka zage. Kan ya kusa biyun na sauran. Duk layin haka yake, manya-manya, sun sunkuyo don nauyi.

Nan take ya gane abin da ya yi. Shekara da shekaru yana gaya wa mutane cewa wadda maƙwabciyarta ta raunana ita take cin gado, sai ga shi da hannunsa ya raunana maƙwabciyar. Gadin da ya zage ba Gajera kaɗai yake tare wa rana ba, har da 'yan uwansa na ciki. Ya buɗe wa ƙanwarsa taga, ya buɗe wa abokiyar karawarta ƙofa.

Bai jira ta tambaya ba. Ya cire hula ya ce shi ne, ya kuma gaya mata dalili, har da Auta da tudu da iska. Malama ta saurare shi har ya gama, ba ta ɗaga murya ba, wanda da ta ɗaga ma da ya fi masa sauƙi.

"Baba," ta ce, "ni ma so nake ta ci. Amma abin da aka aiko ni in gano shi ne me za ta iya ita kaɗai. Yanzu a fegin nan ban san wanne ne ƙoƙarinta ba, wanne ne naka."

Ta ce rukunin bakin hanya gaba ɗaya ya fita daga lissafi, don an taɓa shi, kuma za ta rubuta dalili yadda yake. Sauran rukunan su za su yi magana. Ta kuma gaya masa gaskiya cewa shaidu sun ragu, in tazarar da ke tsakanin Gajera da manyan ta zo da faɗi, ba ta da bakin kare ta. Shi ta ba jan ƙyalle ya ɗaura a turakun rukunin, alamar kada a auna. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya ɗaura. Direban tarakta ya zo wucewa ya buɗe baki, da ya ga fuskarsa sai ya rufe, ya ja motarsa.

Da yamma ya ba matarsa labari, kuma ranar ta saurara. Da ya kai wurin kawunan Falwaya sai ta fashe da dariya har tana riƙe ciki, kaji suka watse. Da ta lafa ta share ido ta ce bari ita ma ta ba shi nasa labarin. Ranar da ya je ya gyara ƙofar su Auta, ya san mijin daga kasuwa yake? Fatar ƙofa sabuwa, ƙarfen nan da ƙyaure yake juyawa a kai, tana cikin aljihunsa, ya sayo zai sa. Ya iso ya tarar surukinsa ya riga ya ɗaure ƙofar da waya, sai ya bar ta a aljihu ya yi godiya. Auta ce ta gaya mata, ta ce kada a faɗa. Mai-igiya ya daɗe yana kallon ƙafafunsa a cikin roba. Kunya ta kama shi, irin wadda ba ta kama shi a gaban Malama ba.

Sauran damina ya yi ta da hannu a baya. In ya zo wucewa ta fegin Gajera a sauran rukunai sai ya haɗa hannayensa a bayansa ya riƙe gam, ya yi mata abin da ake yi wa kowa, ba ƙari. Ranar hutu kuma ya zauna a gida, ya dami matarsa da gyaran akurki.

Aka girbe layukan tsakiya, aka shanya a rumfa, aka bubbuge, aka sheƙe. Ranar awo shi yake ɗora jaka a sikeli Malama tana dubawa, kuma bai yarda ya kalli allurar ba. Sai da manya suka zauna suka tashi sannan ta neme shi. Ta same shi a bayan sito yana naɗe igiya. Ta ce Gajera ba ta zo ta ɗaya ba, Falwaya ce a gaba. Amma da aka raba ta da inuwa ta taso daga ƙasa ta biyo manyan a kusa, kusan da ya isa, ga shi ko kara ɗaya nata bai kwanta ba. An yarda ta wuce gwajin gonakin manoma, a wuraren da iska take ɓarna.

Ya ce alhamdu lillahi, ya sake cewa, sannan ya fara lalubo yadda zai roƙa wa su Auta ba tare da ya sake shiga hurumin da ba nasa ba. Malama ta riga shi. Ta ce ba sai ya roƙa ba, tun kafin girbi wani manomi daga kan tudu ya zo da ƙafarsa ya ce in ana neman gonar gwada gajeren iri, ga tasa. Ta je ta gani, wurin ya dace. Sai daga baya ta ji ashe surukinsa ne.

Da damina ta kewayo Mai-igiya ya riga ya ajiye aiki. Ranar shuka ya hau keke da igiya a kafaɗa. Ya nuna wa surukin yadda ake kafa turke, da yadda ake ja har ƙulli ya zauna, sau ɗaya. Sannan ya miƙa masa igiyar, Auta ta kama ɗaya bakin. Layin farko da suka ja ya ɗan karkace wajen ƙarshe. Ya gani, tun daga nesa ya gani, har yatsunsa suna motsi. Ya haɗa hannu a baya ya ce rana ta yi, zai koma. Auta ta biyo shi da igiyar, ya ce ta bar ta nan, nan take da aiki.

Bai sake hawa tudun ba duk daminar. An yi iska biyu masu ƙarfi, ta biyun har ta ɗage musu kwanon akurki, ya fito tsakar gida yana kallon wajen tudu, ya koma ya zauna. Matarsa tana ganinsa sai ta ƙara masa ruwan zafi a roba.

Sai da kawuna suka sunkuya Auta ta aiko a ce Baba ya zo. Ya tarar da su a bakin gona, ita da mijin. Gonar maƙwabcinsu mai dogon iri rabinta a ƙasa. Tasu kuwa tana tsaye daga wannan baki har wancan, iyakar ƙirjinsa, layukan a ɗan karkace. Surukin ya durƙusa ya gaishe shi, kuma yau bai koma gefe ba, ya shiga gaba yana nuna masa inda ya rage tsiro, da inda ya bar gadi ta gefen maƙwabci.

"Baba, ka gani?" in ji Auta. "Mu muka yi."

Ya ce ya gani. Ya bi su cikin layin a hankali, kawunan suna gogar ƙirjinsa inda igiya take saukowa, hannayensa a baya, har suka fita ɗaya bakin.